Sabon Suna, Tsohon Zunubi

Karatu: Farawa 20:1-18, Malakai 2:13-16, Ayyukan Manzanni 5:1-11
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:4

 

Maganar da za mu yi yau mai nauyi ce, irin wadda mutum yakan sunkuyar da kai kafin ya fara ta. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ikilisiya ta yi shiru saboda kunya, wayar hannu ba za ta yi shiru ba. Saboda haka za mu yi magana a fili, cikin ladabi da tsoron Allah.

Wasiƙa daga Ouidi

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga unguwar Ouidi a birnin Wagadugu, ƙasar Burkina Faso. Ba za mu faɗi sunanta ba. Ta ce ta yi shekaru da aure, Allah ya ba su 'ya'ya, kuma ita da mai gidanta suna zuwa sujada. Wata rana mai gidan ya dawo daga majalisar shayi da wata magana a bakinsa. Wani abokinsa da ya yi zama a ƙasashen waje ya nuna masa waɗansu kalmomin Turanci a waya, ya ce masa a can akwai ma'aurata da sukan yarda da juna, mijin wannan ya tafi da matar wancan, matar wannan ta tafi da mijin waccan. Abokin ya ce zina ita ce wadda ake yi a ɓoye, ana cin amana. In miji ya sani, mata ta sani, kowa ya amince, to, wa aka cuta?

Da farko mai gidan ya kawo maganar kamar wasa. Bayan mako guda ya sake kawo ta, wannan karon ba dariya a fuskarsa. 'Yar'uwar ta ce tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Ta yi mana tambaya biyu. Ta farko, mene ne ma'anar waɗannan kalmomi? Ta biyu, da gaske ne idan na ce na yarda, abin ya daina zama zunubi?

'Yar'uwarmu, mun gode da kika yi ƙarfin hali kika tambaya. Mun tabbata ba ke kaɗai ba ce. Bari mu ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar kalmomin

Kalma mafi tsufa a cikinsu ita ce wife swapping. Wife na nufin matar aure, swap kuwa musaya. Wato musayar mata ke nan. An fara jin ta sosai a Amurka a shekarun 1950. Kalma ce mai faɗin abin kai tsaye, wanda ya ji ta ya san abin da ake nufi.

Daga shekarun 1960 zuwa 1970 masu yin abin suka ƙi wannan suna. Suka ce yana mai da mace kamar kayan kasuwa da maza ke musaya. A wannan gaɓa kam sun faɗi gaskiya, gama mace ba kaya ba ce. Amma maimakon su bar aikin, sai suka bar sunan. Suka koma kiransa swinging, mai yin sa kuma swinger. Asalin kalmar swing shi ne lilo, irin wanda yara ke yi a reshen bishiya. Ku lura da kyau, kalmar "mata" ta fita, kalmar "musaya" ta fita, abin da ya rage sunan wasan yara ne.

Bayan haka waɗansunsu suka ga wannan sunan ma ya yi ƙaurin suna. Suka fara cewa the lifestyle, wato salon rayuwa, kamar dai ana maganar irin abincin da mutum yake so ko irin ɗinkin da yake sawa. Akwai kuma key party, wato bikin makulli, inda ake nufin taron da maza ke zuba makullan motocinsu a kwano ɗaya, kowace mace ta ɗauki ɗaya, ta bi mai shi.

A shekarar 1972 wasu ma'aurata a Amurka, Nena O'Neill da George O'Neill, suka fitar da littafi mai suna Open Marriage, wato buɗaɗɗen aure. Littafin ya sayu ƙwarai. Yawancinsa magana ce a kan yadda miji da mata za su riƙa faɗa wa juna gaskiya, kowa ya bar ɗan'uwansa ya ci gaba. Amma wani ɗan sashe nasa ya taɓa batun neman wani a waje da sanin juna, kuma wannan sashen ne duniya ta riƙe. Har yau idan aka ce open marriage, abin da ake nufi shi ne auren da miji da mata suka yarda kowa ya nemi wani a waje. A 1977 Nena O'Neill ta sake rubuta wani littafi inda ta koma tana jaddada muhimmancin riƙon amana a cikin aure, amma kalmar ta riga ta fita, ba ta komuwa.

Wajen 1990 aka ƙirƙiro polyamory, aka haɗa kalmar Helenanci mai nufin "da yawa" da ta Latin mai nufin "ƙauna". A 2006 ta shiga babban ƙamus na Oxford. A 'yan shekarun nan kuma ana jin ethical non-monogamy, wato rashin tsayawa ga mutum ɗaya amma wai cikin ɗa'a. Ku da ke Wagadugu kun fi jin Faransanci, a can ana cewa échangisme, masu yi kuma sukan kira kansu libertins, daga tushen kalmar 'yanci.

Mu yi adalci a nan. Ba duk inda kuka ga waɗannan kalmomi ne ake nufin lalata ba. Swing suna ne na wani irin kiɗa, kuma lilon yara ma sunansa ke nan. An yi wani shirin talabijin mai suna Wife Swap da aka fara a Ingila a 2003, inda mata biyu ke musayar gida na ɗan lokaci don su ga yadda wani iyali ke rayuwa, ba batun kwanciya a ciki. Haka kuma kada a rikita wannan da auren musaya da waɗansu ƙabilu suka yi a dā, inda gida biyu ke musayar 'yan mata domin aure, kamar yadda Tibi na Nijeriya suka yi kafin gwamnatin mulkin mallaka ta hana a 1927. Iyaye, in kun ga kalma a wayar ɗanku, ku tambaya tukuna kafin ku yanke hukunci.

Amma ku dubi tafiyar sunayen nan. Daga musayar mata, zuwa lilo, zuwa salon rayuwa, zuwa ƙauna mai yawa, har zuwa ɗa'a. Kowane suna ya fi na bayansa laushi. Aikin kuwa yana nan yadda yake.

Mu ma mun iya wannan sana'a

Kada mu yi saurin nuna Turawa da yatsa. Masana tarihin Larabawa sun ambaci cewa a zamanin jahiliyya an yi irin wannan musayar mata tsakanin maza biyu, Musulunci kuma ya haramta shi, kamar yadda maƙwabtanmu a Zango za su shaida. Zunubin ba na wata fata ko wata ƙasa ba ne, daga zuciyar ɗan Adam yake fitowa.

Mu ma muna da namu sunaye masu laushi. A Wagadugu mutum yakan ajiye mace a wata unguwa ya ce deuxième bureau, wato ofis na biyu, kamar wurin aiki zai tafi. A Hausa muna cewa zaman dadiro, muna cewa "yana ɗan taɓa neman mata", muna cewa "harka ce ta bariki". Cin hanci mun kira shi goro. Ƙarya a ciniki mun kira ta wayo. Sai mu yi dariya, lamirinmu ya kwanta.

Wannan dabara tsohuwa ce. A Fitowa 32, da Haruna ya ƙera ɗan maraƙin zinariya, bai ce gobe za a yi bautar gunki ba. Ya sanar cewa gobe idi ne ga Ubangiji. A 1 Sama'ila 15, da sarki Saul ya ƙi bin umarnin Allah ya bar dabbobi mafi kyau da rai, ya kira rashin biyayyarsa hadaya. Annabi Sama'ila bai karɓi sabon sunan ba, gama kukan tumakin yana cikin kunnensa. Annabi Ishaya kuma, a sura 5 aya 20, ya yi kashedi mai tsanani ga masu kiran mugunta nagarta, masu mai da duhu haske, masu kiran ɗaci zaƙi.

Kowace uwa ta san haɗarin zuba kananzir a kwalbar lemo. Kananzir da ke cikin galan ɗinsa ba ya ruɗin kowa. Amma ranar da aka juye shi a kwalbar lemo aka ajiye a ƙasa, ranar ce yaro mai jin ƙishirwa zai ɗauka ya sha. Kwalbar ba ta rage dafin ba ko kaɗan. Abin da ta yi kawai shi ne ta cire tsoron. Aikin sabon suna ke nan, yana cire tsoro ya bar dafi.

Idan mun yarda mu biyu fa?

Yanzu mu zo ga tambaya ta biyu, wadda ita ce zuciyar maganar. Abokin mai gidan ya ce in akwai yarda babu zunubi. Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba.

Ku buɗe Farawa sura 20. Ibrahim ya sauka a Gerar a matsayin baƙo, tsoro ya kama shi, ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce. Wannan shiri ne da suka ƙulla tun da daɗewa, gama a aya 13 Ibrahim ya bayyana cewa shi ya roƙe ta ta riƙa faɗin haka duk inda suka je. Aya 5 ta nuna cewa Saratu ma da bakinta ta ce shi ɗan'uwanta ne. Miji ya sani, mata ta sani. Abimelek sarkin Gerar ya aika aka ɗauko ta, ba wanda ya hana shi.

Da dare Allah ya zo wa Abimelek a mafarki, ya gaya masa cewa mutuwa na kansa saboda matar da ya ɗauko, domin matar aure ce. 'Yan'uwa, ku tsaya a nan. Mijinta ya sake ta da bakinsa. Ita ma ta bi shirin. Sun sa wa dangantakarsu sabon suna. Amma a wurin Allah sunanta bai sake ba, matar Ibrahim ce. Har ma Allah ya ce wa Abimelek ya tsare shi ne don kada ya yi masa zunubi, shi Allah. Ashe akwai wani wanda ake yi wa laifi, wanda ba a nemi yardarsa ba.

Wannan shi ne abin da annabi Malakai ya bayyana a sura 2. Mutanen Yahuza suna kuka a bagade suna tambayar dalilin da ya sa Allah ba ya karɓar hadayarsu. Amsar ita ce, Ubangiji ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, matar da ya yi alkawari da ita. Aure ba ciniki ba ne tsakanin mutum biyu da za su tashe shi duk ranar da suka ga dama. Alkawari ne a gaban Allah. A Matiyu 19 Ubangiji Yesu ya koma Farawa sura 2, ya nuna cewa Allah ne ke haɗa miji da mata su zama jiki ɗaya, kuma mutum ba shi da ikon raba abin da Allah ya haɗa. "Mutum" ɗin nan ya haɗa da mijin, ya haɗa da matar.

Ku tuna ranar aurenku. Kun je ofishin magajin gari kun sa hannu a gaban shaidu. Kun zo majami'a kun tsaya a gaban jama'a, fasto ya tambaye ku, kun amsa. Shaidun da suka sa hannu wataƙila waɗansu sun yi ƙaura, waɗansu sun rasu. Amma babban Shaidan nan yana raye, ba ya barci, bai kuwa janye hannunsa ba. Mutum biyu ba za su iya soke abin da uku suka ƙulla ba, balle na ukun shi ne Mai aure.

Dubi kuma Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5. Zunubinsu ba na kwanciya ba ne, na ƙarya ne a kan kuɗin fili. Amma darasin ya shafe mu. Babu wanda ya ɓoye wa wani komai a gidan nan. Sun zauna, sun shawarta, bakinsu ya zama ɗaya. Da Safiratu ta shigo, Bitrus ya tambaye ta yadda aka yi suka haɗa baki su gwada Ruhun Ubangiji. Yardarsu ba ta wanke su ba, ita ce ma ta zama abin tuhuma. Haɗin kan miji da mata abu ne mai kyau, amma haɗin kai a kan mugunta sunansa haɗin baki.

Doka ta bakwai a Fitowa 20 ta hana zina, ba ta kuwa zo da sharaɗin "sai in mijin ya yarda" ba. Littafin Firistoci 18:20 ya hana kwana da matar maƙwabci, bai ce a nemi izininsa ba. Da matar Fotifar ta matsa wa Yusufu, ya ambaci amanar maigidansa, amma ya rufe maganarsa da cewa abin zai zama zunubi ne ga Allah. Ko da Fotifar ya ba da izini, amsar Yusufu ba za ta sake ba.

Iko ko amana?

Wani mai karatun Littafi zai ce, ai Manzo Bulus ya rubuta a 1 Korantiyawa 7:4 cewa miji yana da iko a kan jikin matarsa, mata kuma a kan jikin mijinta. In ina da iko, me zai hana in ba da izini?

Ɗan'uwa, koma baya kaɗan zuwa ƙarshen sura 6. A can Bulus ya ce jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, kuma mu ba na kanmu ba ne, an saye mu da tamani. Ka fara da wannan, sa'an nan ka karanta sura 7. Ayar da ka kawo ma an rubuta ta ne don a kauce wa fasikanci, kowane mutum ya tsaya ga matarsa, kowace mace ga mijinta.

Mutanen Zango sun san wannan fiye da kowa. Kakanninmu fatake ne da suka riƙa bin hanya daga ƙasar Hausa, ta ƙasar Mosi, zuwa Salaga da Gwanja neman goro. In falke ya sauka zai ba mai masauki ajiya, ya ci gaba da tafiya. Ajiyar tana hannun mai masauki, makullin ɗaki yana aljihunsa, ba wanda zai shiga sai da saninsa. Yana da iko, amma ikon tsaro ne. Ranar da ya ɗauki ajiyar ya ba wani, ko da shi da uwargidansa sun yarda, sunansa maci amana, kuma duk Zango zai ji. Ba muna cewa mace kaya ce ba. Muna cewa jikin mijin da jikin matar duka na Ubangiji ne, ya ba kowannensu amanar ɗan'uwansa. An ba ka makulli don ka rufe ƙofa, ba don ka jefa shi cikin kwano ba.

Wa aka cuta?

Bari mu amsa tambayar abokin nan da wani labari na gaskiya. A watan Maris na 1973, wasu 'yan wasan ƙwallon besbol biyu na ƙungiyar New York Yankees, Fritz Peterson da Mike Kekich, suka sanar wa 'yan jarida cewa sun yi musayar iyali. Aminan juna ne, matansu ma sun yarda. Kowane gida yana da 'ya'ya biyu. Mazan suka sauya gida, yaran suka zauna da iyayensu mata. Ba za mu ɓoye muku ba, Peterson ya auri matar abokinsa kuma sun daɗe tare. Amma Kekich da ɗayar matar ba su jima ba suka rabu. Manya huɗu suka ce sun yarda, gida biyu suka rushe, ɗaya kaɗai aka sake ginawa. Yara huɗu kuma suka wayi gari mahaifinsu yana kwana a wani gida. Su wa ya nemi yardarsu?

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana wannan. A Farawa 16, Saraya ce da kanta ta miƙa wa Abram baiwarta Hajaratu. Shawararta ce, ba wanda ya tilasta mata. Amma da Hajaratu ta yi ciki, reni ya shigo, kishi ya tashi, Saraya ta juya ta ɗora wa mijinta laifi, Hajaratu ta gudu jeji da cikinta. Bakin da ya ce "na yarda" ba shi ne ke kwana da ciwon ba, zuciya ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sa'an nan mu tambaya, wace irin yarda? Sau da yawa mutum ɗaya ne ke so, ɗayan yana tsoro ne. Mace takan ce to saboda tana gudun saki, ko tana gudun a daina ba ta kuɗin cefane, ko an gaya mata ita baƙauya ce. Akwai ma mazan da ke tura matansu wurin mai kuɗi ko shugaban aiki don neman kwangila, su kau da kai kamar ba su gani ba. Wannan ba yarda ba ce, zalunci ne. 'Yar'uwa, idan ana matsa miki, ko ana yi miki barazana, kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ki gaya wa matar fasto ko wata dattijuwa mai tsoron Allah. Biyayyar da Allah ya umarci mace ta yi wa mijinta ba ta kai ga saɓa wa Allah ba, gama manzanni sun koya mana a Ayyukan Manzanni 5:29 cewa biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutum. In abin ya kai ga duka ko tilas, ki sani tun 2015 Burkina Faso ta kafa doka ta musamman a kan cin zarafin mata da 'yan mata, kuma neman kariya ba zunubi ba ne.

Kai kuma mai gida, in kana jin wannan saƙo, ba mu zo mu kunyata ka ba. Amma ka dubi abin da maganarka ta riga ta yi. Ba ka aikata komai ba tukuna, duk da haka matarka ta daina barci. Ta ji cewa mutumin da ya yi alkawarin tsare ta yana iya miƙa ta. Afisawa 5 ta ce ka ƙaunace ta yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya. Almasihu bai ba da amaryarsa don jin daɗin kansa ba, kansa ya bayar domin ta. Ka je ka nemi gafararta yau. In akwai wata ƙishirwa ko gajiya a aurenku, ku zauna ku faɗa wa juna gaskiya, ku nemi shawarar dattawan ikilisiya. In majalisar shayin nan ce ke ɗura maka wannan, ka sauya wurin zama.

Hanyar komowa

Wataƙila wani yana karanta wannan, zuciyarsa na cewa, ni na riga na faɗa ciki. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, akwai bishara dominka. Korinti birni ne na fatauci da ya yi suna wajen lalata. Bulus ya lissafa mazinata da fasikai cikin waɗanda ba za su gāji mulkin Allah ba, sa'an nan ya tuna wa masu bi cewa waɗansunsu haka suke a dā, amma an wanke su, an tsarkake su cikin sunan Ubangiji Yesu. Jinin da ya wanke mutanen Korinti bai ƙare ba.

Amma ƙofar tana buɗewa ne da suna na gaskiya. A 1 Yahaya 1:9 an yi mana alkawarin gafara idan mun furta zunubanmu. Kalmar Helenanci da aka fassara da furtawa tana nufin faɗin abu ɗaya da wani. Furta zunubi shi ne ka kira shi da sunan da Allah ya kira shi. Likita ba ya ba da maganin cutar da majiyyaci ya ƙi faɗa. Dawuda ya yi watanni yana lulluɓe abin da ya yi da matar Uriya, har annabi Natan ya zo ya nuna shi. Ranar da ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, ranar ya ji cewa an kawar da zunubinsa, ko da yake tabon ya bi gidansa. Matar da aka kama da zina a Yahaya 8 kuma, Yesu bai bari a jefe ta ba, bai kuma sauya wa aikinta suna ba. Ya sallame ta da jinƙai, ya umarce ta ta bar zunubin.

To, 'yar'uwarmu ta Ouidi, ga amsarki. Kalmomin suna nufin zina da sanin juna. Yardarki ba za ta mai da ita halal ba, kuma ƙin yardarki ba ƙauyanci ba ne, tsoron Allah ne. Ki tsaya da ƙarfi, ki yi magana da mai gidanki cikin ladabi, ki ci gaba da yi masa addu'a. Muna tare da ke a gaban kursiyin alheri.

Tambayoyi don bimbini

1. Wane zunubi ne na sa wa suna mai laushi don kada lamirina ya dame ni?
2. Akwai abin da ni da abokin aurena muka haɗa baki a kai wanda ba za mu so mu faɗa a gaban Allah ba?
3. Wa ke koya wa 'ya'yana ma'anar kalmomin da suke gani a waya, ni ko wani?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne Shaidan alkawarin aurenmu. Ka gafarta mana inda muka kira mugunta da suna mai daɗi. Ka ba mu zuciya mai faɗin gaskiya a gabanka. Ka tsare gidajen 'ya'yanka a Ouidi, da dukan Wagadugu, da ko'ina ake jin wannan saƙo. Ka ta'azantar da matan da ke kuka a ɓoye, ka komo da mazan da suka fara karkata, ka ɗaga waɗanda suka faɗi. Ka sa gadon aurenmu ya zama mai tsarki, 'ya'yanmu su tashi a gidan da ake riƙon amana. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, Ubangiji ya sa muku albarka, ya kiyaye ku.